Iskar kilim: dokar da ke bin ta tun daga bakin iyaka har zuwa bola

A bazarar da ta wuce ina cikin rangadi a wani ƙauye na karkarar Gidan Amumune, sai na tarar da wata tukunyar ƙarfe mai launin sararin sama rataye a reshen bedi. Ita ce ƙararrawar garin. In za a taru, sai yaro ya ɗauki guntun ƙarfe ya yi ta bugun ta. Na tambayi inda ta fito. Aka ce wani saurayi ne ɗan garin, mai koyon gyaran mota a Maraɗi, ya zo da ita tsaraba. Da aka kira shi, sai na ga yatsunsa biyu na hannun dama da farin tabo irin na ƙuna. Na ce masa, "Samari, wuta ce ta yi maka haka?" Ya ce, "A'a, Malam, sanyi ne." Dattawan da ke zaune suka kwashe da dariya, a zatonsu ba'a yake yi. Ni kuwa na san gaskiya ya faɗa.

A jikin tukunyar an rubuta R-134a. Wannan shi ne sunan iskar da ake ɗurawa a na'urar sanyaya cikin mota, wadda direbobi ke ce wa kilim. Da aka sauko mini da ita na jijjiga, sai na ji wani ɗan abu yana motsi a ciki. Ashe ba ta gama ƙarewa ba, ga ta kuma tana shan rana da duka kullum.

Na san wani zai ce: ina ruwan manomin gero da wake da iskar sanyin mota, mu da amalanke ce motarmu? Ruwanmu ne ƙwarai. Ƴaƴanmu ne ke cike da garejin Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Kano idan an gama aikin gona. Irin wannan iska ce, ko danginta, ke cikin motar ɗaukar marasa lafiya, da firigon ajiye allurar rigakafi a gidan likita, da na mai sayar da ƙanƙara a watan azumi. Idan kuma mota ko firigo sun mutu, ƙarafunansu a kasuwanninmu suke ƙarewa. Akwai doka a kan wannan iska, doka ce kuma da ƙasarmu ta sa wa hannu fiye da shekaru talatin da suka wuce, amma da yawa daga masu taɓa ta da hannunsu ba su taɓa jin labarin dokar ba.

Yaya kilim yake kawo sanyi?

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi. Dalili shi ne randa tana zufa. Ruwan da ya tsattsafo ta jikinta, in zai bushe ya bi iska, sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Haka salka take yi a gefen raƙumi, haka gumi yake yi a jikin mai noma. Dabarar kilim ke nan, sai dai shi ba da ruwa yake aiki ba. Yana aiki da wani sinadari mai tafasa tun a cikin tsananin sanyi. Ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. R-134a kuwa yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, wato sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa.

A cikin mota akwai wani famfo da injin ke juyawa. Famfon yana matse iskar, ya tura ta cikin wata raga ta siraran bututai da ke gaban lagireto, inda take sakin zafinta ta koma ruwa. Daga nan ta bi ta wata tsukakkiyar ƙofa, ta faɗa cikin wasu bututan da ke ɓoye a gaban direba, ta tafasa, ta shanye zafin cikin motar, ta koma iska, ta sake komawa famfo. Haka take ta zagaye. Ƙaramar mota takan ɗauki kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya.

A riƙe wannan da kyau, don a kansa sauran bayanin ya tsaya: wannan iska ba a ƙone ta kamar fetur, ba ta ƙarewa don an yi tafiya mai nisa. A rufe take. Duk motar da kilim ɗinta ya daina sanyi don iska ta ragu, to, akwai inda take zurara. Mai motar da ya ce wa makanike, "Ƙara mini gas kawai, ina sauri," ba tare da an nemo ramin an toshe ba, ɗiban ruwa da kwando yake yi.

Ta farko ta ci mayafin sama

Iskar da aka fara ɗurawa a motoci sunanta R-12, tana cikin dangin da masana ke kira CFC. An ƙirƙiro wannan dangi a Amurka wajen 1928, aka yi ta murna da shi, don ba ya kamawa da wuta kuma ba shi da wari. Shekaru kusan hamsin ana sakin sa a iska ba mai damuwa.

Can sama, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, akwai wani mayafi na wata iska mai suna ozon. Aikinsa kamar na malfa ne a kan manomi. Yana tare wani ɓangare na hasken rana wanda ido ba ya gani, amma yana ƙona jiki. Idan wannan haske ya yi yawa yana kawo yanar ido, yana kawo ciwon daji na fata, musamman ga ƴan'uwanmu zabiya waɗanda fatarsu ba ta da kariya, yana kuma rage ƙarfin tsiro. A 1974 wasu masana biyu, Mario Molina ɗan ƙasar Meziko da Sherwood Rowland ɗan Amurka, suka bayyana cewa CFC ba ya ruɓewa a nan ƙasa. Hawa yake yi a hankali har ya kai wurin mayafin, rana ta fasa shi, ya saki sinadarin kulorin, shi kuma ya shiga cin ozon. Ƙwayar kulorin ɗaya tak tana iya lalata ƙwayoyin ozon dubu ɗari. R-12 kuma yakan yi wajen shekara 100 a sama kafin ya ɓace. Wanda aka saki a garejin Maraɗi lokacin muna yara, mafi yawansa yana can har yanzu.

Da farko masu masana'antu sun musa. Sai a 1985 masana ƴan Ingila da ke aiki a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, suka auna suka ga mayafin ya sirance ƙwarai a samansu. Daga nan gardama ta ragu. Ranar 16 ga Satumba 1987 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Montreal a ƙasar Kanada, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1989. Najeriya ta shiga a 1988, Nijar ta shiga a 1992. A yau babu ƙasar da ba ta ciki. Shi ya sa kowace ranar 16 ga Satumba za ku ji ana maganar ozon a rediyo.

Yarjejeniyar ta yi adalci a wuri ɗaya da ya kamata a faɗa. Ta san ba talakan Sahel ne ya ɓata sama ba. Saboda haka ƙasashe masu arziki aka ce su daina yin CFC tun 1996, ƙasashe masu tasowa irin tamu aka ba su har ranar 1 ga Janairu 2010. Aka kuma kafa asusu, wanda ya fara aiki a 1991, masu arziki suna zuba kuɗi don a horar da ma'aikatan duwan da masu gyaran firigo na ƙasashe irin tamu, a ba su kayan aiki. Maganin ya ci. Rahoton masana da aka fitar a farkon 2023 ya ce mayafin yana warkewa, kuma ana sa ran ya koma yadda yake a 1980 wajen shekarar 2040 a mafi yawan duniya, a saman Antatika kuwa sai wajen 2066.

Abin da wannan ke nufi ga ɗan kasuwa a fili yake. Tun 2010 ba a shigo da sabon R-12 cikin Nijar ta hanyar halal. Tukunyarsa fara ce. Wanda ya tallata maka sabuwar farar tukunya ya ce R-12 ce, ko dai kayan sumoga ne, ko kuma abin da ke ciki ba shi ne aka rubuta a waje ba.

Ta biyu tana ƙara zafi

A farkon shekarun 1990 masu ƙera motoci suka koma ga R-134a, irin wadda na gani a reshen bedi. Ba ta da kulorin, don haka ba ta taɓa ozon. Sai daga baya hankali ya koma ga nata aibin. Tana cikin iskokin da ke riƙe zafin rana a duniya kamar bargo, kuma nata riƙon ba kaɗan ba ne: kilo ɗaya nata daidai yake da kilo 1,430 na hayaƙin kabon, wato irin wanda ke fita daga ƙona fetur. Mu yi lissafi. Motar da ke ɗauke da giram 600, in aka kwance bututu aka sake shi fuuu a iska, kamar an saki kilo 858 na hayaƙin kabon ne. Sai ka ƙone fetur wajen lita 370 kafin ka fitar da wannan. Cikin minti biyu makanike yake yin sa, yana hira.

Ba ina cewa kilim ɗin mota ne ya kawo mana zafin da muke sha ba. Babban laifin yana wuyan fetur da kwal da manyan ƙasashe ke ƙonawa. Amma mu ne muka fi kowa sanin ɗacin abin. A watan Afrilu na 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mutane da yawa suka rasu a yankin, galibi tsofaffi. Wanda ya taɓa sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya saboda ƙasa ta ƙone iri, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka ranar 15 ga Oktoba 2016, a Kigali babban birnin Ruwanda, ƙasashe suka yi wa yarjejeniyar Montreal gyara, suka sa R-134a da danginta, waɗanda ake kira HFC, a cikinta. Mali ce ƙasar farko da ta amince da gyaran, a 2017. Nijar da Najeriya suka amince a 2018, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2019. Wannan karon ba hanawa aka yi gaba ɗaya ba, ragewa ce mataki-mataki. Ga rukunin da ƙasarmu ke ciki, daga 2024 abin da ake shigowa da shi ba zai wuce wani ma'auni da aka tsayar ba. A 2029 a rage kashi 10 cikin ɗari, a 2035 kashi 30, a 2040 rabi, a 2045 kashi 80.

Yanzu ma akwai ta uku. A ƙasashen Tarayyar Turai, tun 1 ga Janairu 2017 ba a sayar da sabuwar ƙaramar mota mai R-134a. Yawancinsu sun koma ga wata mai suna R-1234yf, wadda ke ruɓewa cikin kwanaki kaɗan a iska, sai dai ta fi tsada kuma tana iya kamawa da wuta. Mu kuwa tsofaffin motocin Turai muke hawa. Shekaru da yawa ta Kwatano suke sauka, su biyo ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni su iso Maraɗi, wasu su wuce ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, har zuwa 2023 da aka rufe iyakarmu da Benin. Ko ta ina suka biyo, abin da Turai ta hau jiya shi muke hawa gobe. Ke nan gareji ɗaya zai iya karɓar motoci uku masu iska iri uku a yini ɗaya. Ba a haɗa su. Man da ke tafiya da R-12 a cikin famfo daban yake da na R-134a, bakin bututun ɗurawa ma da gangan aka bambanta su. A ƙarƙashin murfin injin akwai ƴar takarda manne da ke faɗin sunan iskar da nauyinta. Yaron da ya iya karanta ta ya tsere wa wanda ke aiki da ka.

Ina dokar take kamawa?

A wurinmu wurin da ta fi kamawa shi ne bakin iyaka. Nijar ba ta yin wannan iska, duk shigo da ita ake yi. Wani gyara da aka yi wa yarjejeniyar a 1997 ya wajabta wa kowace ƙasa ta kafa tsarin izini: ba mai shigo da waɗannan sinadarai ko fitar da su sai da takarda. Gyaran Kigali ya sa HFC ma cikin wannan tsari. A 2005 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashe takwas masu kashe kuɗin sefa, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 04/2005, wadda ta daidaita dokokin ƙasashen game da shigowa da sayarwa da amfani da sake fitar da sinadarai masu cin ozon, har da na'urorin da ke ɗauke da su. A Yamai akwai Ofishin Ozon na Ƙasa, a ƙarƙashin ma'aikatar kula da muhalli, shi ke riƙe da lissafin abin da ya shigo, yana aiki tare da ma'aikatan duwan. Sama da waɗannan duka akwai babbar dokar muhalli mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998, wadda ta hana gurɓata iska ta yadda za ta cuci lafiyar jama'a, ta kuma ce wanda ya ɓata shi ke ɗaukar nauyin gyara.

A ƙasashen da motocinmu ke fitowa, doka ta wuce iyaka ta shiga har cikin gareji. A Amurka dokar tsabtar iska ta 1990 ta ce duk wanda zai taɓa kilim ɗin mota don a biya shi, sai ya ci jarrabawa ya sami takardar shaida, kuma sai yana da injin zuƙe iska wanda hukuma ta amince da shi. Tun Yuli 1992 sakin R-12 a iska da gangan laifi ne mai tara, daga Nuwamba 1995 hanin ya haɗa da R-134a. Idan mota ta mutu, wanda zai murƙushe ta a ƙarshe shi ke da alhakin tabbatar da cewa an zuƙe iskar tukuna. A Faransa ma, tun dokar 2007, gareji sai ya sami takardar cancanta kafin ya yi wannan aiki, kuma yana ba da lissafin abin da ya saya da abin da ya zuƙe. Dokar Turai ta 2000 kan matattun motoci ta ce kafin a yanka mota sai an cire mata batir da mai da ruwan birki da iskar kilim.

To, mu duba namu. Daga bakin iyaka zuwa inuwar da makanike ke aiki akwai nisa. Ba jami'in da zai tsaya a kan kowane yaro a Tasawa ko Mayahi lokacin da yake kwance bututu. Injin zuƙe iska kuma yana da tsada, ƙaramin gareji ba ya iya sayen sa shi kaɗai. Wannan gaskiya ce, ba na ɓoye ta. Amma a ganina ba hujja ba ce. Mutanen da suka iya kafa bankin cimaka, matan da suka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tun 1991, ba za a ce masu gareji biyar ko goma sun kasa haɗa kuɗi su sayi inji ɗaya suna karɓa-karɓa ba. Kuma akwai riba a ciki. Injin yana zuƙe iskar, ya tace ta daga mai da danshi, a mayar da ita cikin motar bayan an toshe ramin. Abin da ake saki a iska a yau kuɗi ne, kuma tun da ana rage shigowa da shi, tsada zai ƙara yi.

Tsada kuwa ita ke kawo jabu, a nan ne abin ya fi ba ni tsoro. A 2011 wasu akwatunan sanyi na jiragen ruwa sun fashe a ƙasashen Biyetnam da Barazil, mutum uku suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗura musu jabun R-134a mai haɗe da wani sinadari, R-40, wanda ke cin alminiyam ya haifar da abin da ke kamawa da wuta da zarar ya ji iska. Bututan kilim ɗin mota ma alminiyam ne. Wasu kuma gas ɗin girki suke ɗurawa, don yana kawo sanyi kuma yana da arha. A Amurka doka ta hana wannan. Dalili a fili yake: ragar bututan tana gaban mota, ita ke fara fashewa in an yi karo, wasu bututan kuma suna cikin ɗakin da fasinja ke zaune. Tukunyar da ba ta da sunan kamfani, ko wadda kuɗinta ya yi arhar da ta ba ka mamaki, a bar ta. Arha ba ta ado.

Abin da ke samun jiki

Mu koma ga yatsun saurayin nan. Ya ce mini yana kwance bututu ne ruwan iskar ya feso masa. Tun da yana tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, da ya taɓa fata sai ya zuƙe zafinta nan take, nama ya daskare ya mutu kamar an ƙona shi. In ido ya samu, mutum yana iya makancewa. Shi ya sa tabarau na kariya da safar hannu ba ado ba ne. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Kada a murza, kada a kara a wuta, kada a shafa man injin ko toka. In ido ne, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15, sannan a tafi gidan likita ba tare da jiran gobe ba.

Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ba ta da launi, kusan ba ta da wari. Kwanciya take yi a ƙasa. Ramin da makanike ke shiga a ƙarƙashin mota, ko ƙaramin shago mai rufaffiyar ƙofa, tana iya cika su ta kore iskar numfashi. Mutum ya ji jiri, zuciya ta rikice, ya faɗi. Wanda ya ga haka ya fitar da shi sarari tukuna, shi ma kada ya daɗe a ciki.

Mafi muni shi ne haɗuwarta da wuta. R-12 in ya ratsa harshen wuta ko jan ƙarfe yana rikiɗewa ya ba da guba, cikinsu har da fosjin, wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. R-134a ma yana ba da hayaƙi mai tsami da ke cin huhu, kuma ciwon yakan jinkirta sa'o'i kafin ya bayyana. Saboda haka ba a walda a jikin bututun da ke da iska, ba a shan taba a wurin, ba a neman rami da harshen wuta. Kumfar sabulu tana nuna rami, akwai kuma ƴar na'ura mai ƙara in ta shaƙi iskar. Idan za a gwada bututai da matsi, da iskar azot ake yi. Wanda ya ɗauko tukunyar iskar walda ya yi gwaji da ita, ga mai a cikin bututu, ya haɗa abin fashewa da hannunsa.

Idan mota ta mutu

A ƙasarmu mota ba ta mutuwa gaba ɗaya. Taya ta zama takalmi da guga, ƙarfen sifirin ya tafi maƙera ya dawo gatari ko hauya, alminiyam kuma ya tafi wurin masu zubin tukwane da ludayi. Wannan dabara ce abin yabo, Turawa ma sai da doka suka koye ta. Kuskuren yana wurin jeri. Mai sayen tsofaffin ƙarafa yakan sa zarto ko gatari ya datse bututun kilim, iska ta fice, ya ɗauki alminiyam ɗinsa. Jerin da ya dace shi ne a fara kai motar, ko firigon, wurin mai injin zuƙa. A zuƙe iskar cikin tukunya ta musamman mai kauri wadda aka yi don haka, kada a cika ta fiye da kashi 80 cikin ɗari, don ruwan yana kumbura in ya ji zafi. A rubuta sunan iskar a jiki, kada a zuba wata iri a kanta. Sannan a tsiyaye man famfon a cikin galan, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. Bayan haka ne zarto zai shiga.

Mai zubin tukunya shi ma ya duba abin da yake jefawa a wuta. Famfo ko bututun da bakinsa ke toshe yana iya fashewa ya watsa narkakken ƙarfe. Iskar da ta gurɓata har ba ta gyaruwa, a ajiye ta a rufe a inuwa, a sanar da ma'aikatan muhalli na gunduma. Halaka ta sai a wata tanda ta musamman mai zafin da ya wuce digiri 1,000, mai kuma tace hayaƙi. Wutar maƙera ba ta kashe ta, guba kawai take mayar da ita.

Saura tukunyar kanta. Irin wadda na gani, mai ɗaukar kilo 13.6, ta amfani sau ɗaya ce. Ƙarfenta siriri ne, ba a yi ta don a sake cika ta ba. Turai ta hana sayar da irinta tun 2007, amma a kasuwanninmu ita ce ta fi yawa. Ko ta daina fitar da komai, sau da yawa akwai saura a gindinta. Ba a barin ta a inda zafi zai kai digiri 50, ƙarfen da ke cikin ranar bazara kuwa yana wuce haka. Na ga masu faci sun mai da ita tankin iskar taya, alhali danshi yana cin ta da tsatsa daga ciki inda ido ba ya gani, har ranar da za ta tsage. Na ga wadda aka yanka aka yi murhu, da wadda aka yi kwanon shan ruwan kaji. Kafin a yi ko ɗaya, sai mai inji ya zuƙe sauran, ya tabbatar babu matsi, ya buɗe bakin, ya huda ta. Daga nan ta zama ƙarfe kamar kowane ƙarfe.

Na yi wa maigari wannan bayani a ƙarƙashin bedin. Ya juya wurin saurayin ya ce, "Kai ka kawo ta, kai za ka mayar." Aka sa ta a zaure cikin inuwa har ranar kasuwar Mayahi, ya shiga mota da ita zuwa wurin maigidansa a Maraɗi. Da na sake bi ta garin bayan girbi, wani tsohon bakin garma na tarar a reshen, kuma an ce ƙararsa ta fi kai wa nesa.